Marigayi Waziri Junaidu Na Sakkwato, Mai Tsaron Taskar Magabata (1906–1997)

A filinmu na tarihin magabata na yau za mu leƙa Birnin Shehu ne, domin mu kawo muku tarihin marigayi Wazirin Sakkwato, Alhaji Dokta Junaidu ɗan Waziri Buhari, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ranar 9 ga watan Janairu, 1997, yana da shekara 90 a duniya. Dattawanmu na nan Simsim da Gadarif da Gallabat da dama sun san sunansa, amma matasanmu kaɗan ne za su iya faɗin aikin da ya yi.

Dalilin da ya sa muka zaɓe shi ba boyayye ba ne. Duk ɗan kasuwa ya san darajar daftari. Wanda ya ba da bashin buhu hamsin na riɗi ko na dawa, sannan daftarinsa ya faɗa ruwa ko gara ta cinye shi, to, ya koma rokon Allah da rokon mutane, domin ba shi da hujjar da zai nuna. Al'umma ma tana da nata daftarin, wato wasiƙun sarakunanta da littattafan malamanta da takardun nasabarta. Idan suka salwanta, sai wani ya zo daga baya ya ba ta labarin kanta yadda ya ga dama. Waziri Junaidu ya ƙarar da rayuwarsa ne wajen tsare wannan daftari na Daular Usmaniyya, ya kuma nuna wa jami'o'i da cibiyoyin bincike na zamani hanyar amfana da shi.

Gidan da ya fito

An haifi Junaidu a Sakkwato a shekarar 1906, a unguwar Gidadawa, wato zuriyar Waziri Gidado ɗan Laima, Wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Gidado shi ne mijin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Su suka haifi Ahmadu, Ahmadu ya haifi Buhari, Buhari ya haifi Junaidu. Ke nan Junaidu tattaɓa-kunnen Nana Asma'u ne.

Wannan gida tun asalinsa gidan takarda ne. Aikin Waziri a daular shi ne kula da wasiƙun da ke shiga da fita tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas, kamar na Kano da Zazzau, da kai takardar naɗi, da sasanta rigingimu. Saboda haka kwafin wasiƙu ya riƙa taruwa a gidan shekara da shekaru. Shi kansa Gidado marubuci ne, shi ya wallafa Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu. Ita kuwa Nana Asma'u, bayan rubuce-rubucenta cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, masana sun bayyana cewa tana cikin waɗanda suka tattara littattafan mahaifinta suka tsara su bayan rasuwarsa a 1817.

Akwai wata shekara da ta haɗa tarihin wannan gida da namu mu mazauna Sudan, ita ce 1903. Ranar 15 ga Maris na wannan shekara sojojin Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas da jama'a mai yawa, har ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno har gobe. Shi kuwa Waziri Buhari ya koma cikin birni ya zauna da sauran jama'a, ya kuma rubuta wata risala zuwa ga ma'abota ilimi, inda ya bayyana hujjojinsa na yin haka. Turawa sun kwashi wasu wasiƙu da suka samu a gidansa, wani jami'insu mai suna Backwell ya buga fassararsu a Legas a 1927. Sauran takardun suka ci gaba da zama a hannun iyali. Shekara uku bayan wannan tashin hankali aka haifi yaron da zai gaje su.

Karatu da koyarwa

Junaidu bai daɗe da mahaifinsa ba, domin Waziri Buhari ya rasu a 1910, yaron yana ɗan shekara huɗu. 'Yan uwan mahaifinsa da yayyensa ne suka riƙe shi. Ya yi karatun allo ya sauke Alƙur'ani, sannan ya shiga karatun zaure a gaban manyan malaman Sakkwato na wancan zamani, inda ya sha fiƙihu da nahawu da lugga da tafsiri da hadisi da ma'aunin waƙa. Ta wannan hanya ta gargajiya ya samu iliminsa, ba ta hanyar jami'a ba.

A shekarun 1930 aka ɗauke shi malamin Larabci da addini a makarantar Midil ta Sakkwato, daga bisani kuma ya shugabanci makarantar horar da alƙalai ta garin. Wannan zama da ya yi a makarantun zamani ya sa ya fahimci yadda 'yan boko ke tunani da irin tambayoyin da suke yi, abin da ya yi masa amfani ƙwarai daga baya. A shekarar 1948 Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya naɗa shi Waziri, bayan yayansa Waziri Abbas. Ya riƙe wannan sarauta kusan shekara 49, ya yi aiki da Sarakunan Musulmi uku: Abubakar na uku har zuwa 1988, da Ibrahim Dasuki, da Muhammadu Macciɗo wanda ya hau a 1996.

Yadda ya riƙe taskar

Ya kamata mu tsaya mu dubi irin kayan da ya gada, domin wanda bai san su ba ba zai gane wahalar aikin ba. Littattafan malamanmu na dā ba ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne a warwatse, ana haɗa su tsakanin tadarishi biyu, a ɗaure da tsirkiya, a saka cikin gafaka. Babu lambar shafi. Abin da ke nuna jerin warƙoƙin shi ne kalma ɗaya da magwafi ke rubutawa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafi na gaba. Idan iska ta watsa warƙoƙin, ko yaro ya yi wasa da su, sai malami masani ne zai iya mayar da kowace mazauninta. Sau da yawa sunan mawallafi da na magwafi suna a shafin ƙarshe ne, kuma shafin farko da na ƙarshe su ne suka fi saurin yagewa.

Abokan gabar irin wannan dukiya sanannu ne: gara, da ɗanshin damina, da ɓeraye, da gobara. Akwai kuma na biyar wanda ya fi su ɓarna a ɓoye, shi ne rabon gado. Malami zai rasu, a kasa littattafansa tsakanin magada kamar yadda ake kasa awaki, wani lokaci ma littafi guda ya rabu gida biyu, rabi ya tafi wani gari.

Waziri Junaidu ya tunkari wannan matsala ta hanyoyi huɗu. Na farko, ya tara. Bai tsaya ga abin da ya gada ba, ya riƙa neman abin da ke hannun wasu gidajen malamai. Na biyu, ya sa a kwafa, domin littafin da yake da kwafi ɗaya tak a duniya yana bakin kabari ne. Na uku, ya tantance, wato ya san wane ne ya rubuta wane littafi, a wane zamani, kuma wace wasiƙa ce amsar wace. Na huɗu, ya tace abin da ya tara ya fitar da shi a sabbin littattafai masu sauƙin karantawa.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Dabɗul Multaƙaɗat, wanda sunansa kansa yana nufin tsara labaran da aka tsinto a warwatse cikin littattafai daban-daban. An fitar da shi da Hausa da sunan Tarihin Fulani, aka buga a Zariya a shekarun 1950, ya shiga hannun ɗalibai da talakawa waɗanda ba su iya Larabci ba. Ya rubuta Arfur Raihan a kan Shehu da waɗanda suka shahara cikin 'ya'yansa, ya rubuta littafi a kan nahawun Fulatanci, ya kuma bar waƙoƙi da labaran tafiye-tafiyensa. Littattafan da ya wallafa sun kai gommai.

Buɗe ƙofa ga masu bincike

Inda Waziri ya sha bamban da masu taska da yawa shi ne bai kulle ta ba. Mun san halin wasu gidaje, inda ake ɓoye kundi kamar laya, ba a bari ko ɗan gida ya buɗe, har ranar da za a tarar gara ta gama da shi. Waziri ya ga cewa ilimin da ba a karantawa daidai yake da hatsin da aka rufe a rumbu aka jefar da makulli.

A ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, malaman tarihi na Jami'ar Ibadan suka fara neman rubuce-rubucen Larabci na ƙasar Hausa. Jagoransu shi ne wani Bature mai suna Smith, wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962. Ɗalibinsa Murray Last ya je Sakkwato ya zauna a wurin Waziri yana karanta wasiƙu da littattafai, yana tambaya ana ba shi amsa. Da wannan aiki ya samu digirin dokta a Ibadan a 1964, aka buga littafinsa a kan Daular Sakkwato a 1967. Kafin wannan lokaci, yawancin abin da ake koyarwa a makarantun boko game da daular daga rahotannin jami'an mulkin mallaka da matafiya Turawa aka ɗebo shi. Daga nan aka fara rubuta tarihin da takardun mutanen daular kansu, kuma wani babban ɓangare na littafin a kan gidan Waziri yake magana.

Haka zalika wata malama 'yar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta samu rubuce-rubucen Nana Asma'u a taskar Waziri. Ta fitar da tarihin Nana a 1989, sannan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta a 1997, shekarar da Waziri ya rasu. Sunan Nana Asma'u da ake ji yau a jami'o'in duniya, daga wannan taska ya fita.

A daidai wannan zamani ne aka kafa cibiyoyin da suka mayar da irin aikin Waziri aikin hukuma. A Zariya an yi shirin binciken tarihin Arewa, wanda ma'aikatansa suka riƙa bin gari-gari suna aron littattafai, su ɗauki hotonsu a kan ɗan siririn fim da ake kira maikurofim, su mayar wa mai shi kayansa, su ba kowane littafi lamba, su buga jerin sunayen a rahoto. A Ibadan an buɗe cibiyar adana rubutun Larabci a ƙarƙashin John Hunwick, wanda a 1995 ya fitar da babban kundi mai jera marubutan wannan yanki da littattafansu da inda kowane kwafi yake, har da na Waziri Junaidu. A Kaduna akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ga kuma Gidan Arewa da Abdullahi Smith ya assasa a 1970 a gidan marigayi Sardauna. A Sakkwato gwamnatin jiha ta kafa hukumar tarihi da al'adu, wadda aka sa wa sunan Waziri Junaidu. Dukansu a kan ƙa'ida ɗaya suke tafiya: a tara, a kwafa, a jera, a buɗe wa mai nema.

Hannun malaman Sudan

Masu karatu za su so su san cewa 'yan ƙasar nan sun taka rawa a wannan aiki. Fathi Hasan Al-Masri ya tace littafin Shehu mai suna Bayanu Wujubil Hijra, ya gwada kwafi da kwafi, ya fassara shi, Jami'ar Khartum ta buga a 1978. Muhammad Ahmad Al-Hajj ya yi aiki a Zariya da Kano, ya yi bincike a kan aƙidar Mahadi a Arewacin Nijeriya. Umar An-Naƙar ya rubuta littafi a kan tarihin tafiyar alhazan Afirka ta Yamma, aka buga a Khartum a 1972, kuma hanyar da ya yi magana a kanta ita ce ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu nan. Ita ma Sudan ta yi nata gwarzon taska, wato Dokta Muhammad Ibrahim Abu Salim, wanda ya rasu a 2004, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana shugabantar Darul Wasa'iƙ a Khartum, inda ya tattara rubuce-rubucen Mahadi ya buga su. Alaƙar Mahadi da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ta hanyar wasiƙun da aka adana ne masana suka san ta dalla-dalla.

A farkon shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Waziri Junaidu digirin girmamawa na dokta. A jawabinsa ya ja kunnen jami'o'in ƙasar cewa sun yi kama da itacen da aka ciro daga wata ƙasa aka dasa, saiwarsa tana can, ya nemi su haɗa karatunsu da gadon ilimin al'ummar da suke zaune a cikinta. Malaman jami'a sun daɗe suna tattauna wannan jawabi. Wanda ya yi maganar kuwa ya riga ya nuna misali da kansa, tun da shi ne ya miƙa musu makullin taskarsa.

Abin da ya rage gare mu

Shekarun baya-bayan nan sun nuna mana cewa wannan magana ba ta malaman jami'a kaɗai ba ce. A watan Janairu 2013 an ƙona ko an sace kimanin littattafan hannu 4,000 a cibiyar Ahmad Baba da ke Timbuktu, amma mafi yawan littattafan garin sun tsira, saboda iyalai sun riga sun fitar da su a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da ta jirgin ruwa, zuwa Bamako. A nan gida, bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023, ɗakin karatu na cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone da abin da ke cikinsa.

Manoma ma abin ya shafe su. Simsim ita ce inda hukumar noman inji ta fara babban shirinta a 1968, kuma irin dawa da riɗin da ake shukawa a wannan yanki yana da alaƙa da aikin hukumar binciken noma da ke Wad Madani. A can ne aka ajiye ma'ajiyar iri ta ƙasa, mai ɗauke da dubban nau'o'in iri da bayanan kowane. Da yaƙi ya isa garin a Disamba 2023, ma'ajiyar ta gamu da ɓarna. Abin da ya rage asarar shi ne an riga an ajiye kwafin wasu irin a wani wuri, kuma a watan Fabrairu 2025 an kai ƙarin irin Sudan, har da dawa da gero, babbar ma'ajiyar iri ta Svalbard a ƙasar Norwe. Dabarar da ta ceci irin dawa ita ce dai wadda Waziri ya bi da littattafai, wato kada a bar abu mai daraja da kwafi ɗaya a wuri ɗaya.

To, 'yan uwa 'yan kasuwa, a gidajenmu na Simsim da Gadarif da Mai Wurno da sauran garuruwa akwai adakoki da ba a buɗe ba tun rasuwar kaka. A ciki akwai Alƙur'ani rubutun hannu, da wasiƙun da aka aiko daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram cikin ajami, da takardun tafiya aikin hajji, da takardun gona da na shago, da jerin sunayen iyaye. Wasu daga cikin waɗannan takardu su ne hujjar da ke nuna tun yaushe iyali suke zaune a wuri, kuma kowa ya san amfanin wannan ranar da aka yi jayayya kan gona ko aka je neman takardar shaida.

Abin da za a yi ba mai tsada ba ne. A fito da su a kakkaɓe a inuwa, kada a shanya a rana, kada a liƙa musu salatif ko gam. A ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da bango mai ɗanshi. A sa yaro mai wayar hannu ya ɗauki hoton kowane shafi bi da bi, ba tare da an hargitsa jerinsu ba, a tura kwafin ga ɗan uwa a wani gari. A samu daftari guda a rubuta sunan kowace takarda, da wanda ya rubuta ta, da wanda aka gada daga gare shi. A zauna da tsofaffin da suka san labarin takardun a naɗi muryarsu tun suna raye. Idan aka zo rabon gado, magada su yi shawara da malamai a bar littattafan wuri guda a matsayin waƙafi, kowa ya ɗauki hoto.

Ku da kuke ƙetare iyaka kullum, kuna da damar da wasu ba su da ita, domin kuna haɗuwa da dangi daga garuruwa daban-daban, kuma ta hannunku saƙo ke isa inda mota ba ta zuwa. Kamar yadda fatake suka ɗauko littattafan Shehu da na Bello cikin kayansu har suka iso da su bakin Nilu, haka za ku iya zama sanadin tsirar abin da ya rage.

Allah Ya jiƙan Waziri Junaidu da rahama, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya kuma albarkaci kasuwanninmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani bawan Allah.